Bugun Kusa da Rami

Sista ta fara wasan golf ne bayan ta ajiye aikin jinya, kuma da sandunan mijinta ta fara. Shi Injiniya ya daina zuwa fili tun da ciwon suga ya rage masa gani. Ya jingine jakar sandunan a bayan ƙofa, ya tare a kujerar falo da rediyonsa, ko ƙofar gida ba ya son leƙawa. Ranar da ta ce za ta gwada, cewa ya yi, "Ɗauki mana, su ma sun gaji da zama."

Bugun nesa bai ba ta wahala ba, don hannun da ya saba ɗaga majinyata ba ya rasa ƙarfi. Matsalar tana kusa da rami. Da zarar ƙwallon ta hau lallausar ciyawar da ke kewaye da shi, sai komai ya dagule. Ta buga ta zarce, ta dawo ta buga ta gaza. Abokiyar wasanta, wata lauya mai barkwanci, har ta ce mata, "Sista, ke da ramin nan surukai ne? Kullum sai kin kauce masa."

Ta yi dariya, amma abin ya ci mata rai. Ta dawo gida ta shimfiɗa doguwar darduma a baranda, ta kwantar da kofin roba a ƙarshenta, ta shiga gwaji kowace yamma. Yawanci bango ƙwallon take samu.

Wata rana ta ji rediyo ya yi shiru.

"Kin ɗaga kai," in ji Injiniya daga falo.

"Kai da ba ka gani?" Maganar na fita ta ji kamar ta mayar da ita ciki.

Can sai ga shi ya fito yana dafa bango.

"Ba sai na gani ba. Ƙarar ta gaya mini da gefen sanda kika taɓa ta. Kina saurin leƙen rami kafin ki gama bugu." Ya laluba ya kama hannunta. "Haba, wannan riƙo kamar za ki kashe maciji! Sassauta. Yadda kike riƙe hannun jariri in za ki yi masa allura."

Ya nuna mata ta bar wuyan hannu ya huta, kafaɗu su yi lilo, idonta ya tsaya inda ƙwallon take ko bayan ta tafi. Sauran aikin na kunne ne. Ta gwada, ta sake gwadawa, sai suka ji ƙwas a cikin kofin.

Tun daga nan yamma ta zama tasu. Yana zaune a bakin baranda yana gyara mata, suna musu, wani lokaci har abinci ya huce. Sai dai ya ce darduma shimfiɗaɗɗiya ce, ciyawa kuwa tana da gangare, kuma da tafin ƙafa ake jin sa.

"To ka zo ka nuna mini."

"Mutane su gan ni ana ja na? A'a."

Ba ta matsa masa ba. Ran Asabar da safe ta fito da makullin mota, ta tarar da shi tsaye a bakin ƙofa, ya sa takalmin wasa, hularsa a karkace. Ta gyara masa ita.

A filin wasan ya riƙe gwiwar hannunta, suka taka daga ƙwallon zuwa rami a hankali. "Ƙasar ta kwanta hagu," ya ce. "Ki nufi dama kaɗan." Ta buga, ba ta ɗaga kai ba. Ƙwallon ta lanƙwaso ta tsaya a leɓen ramin, lauyar ta dafe kai tana salati. A rami na gaba kuwa ƙwallon ta faɗa ciki.

Sista ta damƙa masa sandar, ta je ta tsaya tana ƙwanƙwasa ƙarfen tutar ramin don ya ji inda yake. Ya gyara tsayuwa, ya buga. Ƙwallon ta gaza da kamar taku guda.

"Hannun ya yi sanyi," ya ce, yana murmushi. "Ajiye mini wata."