Ƙyallayen Hajja Fatna Sun Ƙi Ƙarewa

"Yumma, ki sassauta igiyar nan, za ki fasa wa wani kai!"

Hajja Fatna ko waiwayar 'yarta Dalia ba ta yi ba. Tana tsaye a barandar hawa na biyar, ta jingina ciki da ƙarfe, tana zura kwando ƙasa, irin kwandon da matan Alƙahira ke saukar wa mai burodi don gudun wahalar bene. Yau dai ba burodi take nema ba. Farantinta na tangaran ne a ciki, an tula masa ƙyallaye ja da kore da ruwan ɗorawa, an ɗaure da zare.

"Ummi! Matar Abdulbasit! Leƙo ki karɓa, naki ne!"

Ummi, 'yar Kano da mijinta ke karatun addini, ta leƙo daga hawa na uku da goyo a baya, ta tare kwandon tana dariya.

"Hajja, duk wannan? Ni fa ko maɓalli ban iya ɗinkawa ba!"

"Za ki iya! Sanyi zai koya miki!"

Shekara ashirin da biyu ke nan Hajja Fatna na wannan gida na unguwar Hayyin Ashir a Alƙahira. Daga Sudan ta rako mijinta Ya'ƙub neman magani, Allah ya yi masa rasuwa, ita kuma ta zauna. Sanyin farko da ya kama ta a Masar ne ya sa ta fara tsintar ragowar yadi a shagon teloli tana harhaɗawa, har ya zama bargo. Daga nan abin ya zame mata jiki. Duk jaririn da aka haifa a layin sai ya kwana a bargonta, duk amaryar da ta tare sai ta sami nata. Ƙyallayen kuwa sun cinye ɗaki guda, buhu goma sha ɗaya, ban da na ƙarƙashin gado da ta ɓoye wa Dalia.

Yanzu gwiwoyi sun ce sun gaji da hawa biyar. Bayan la'asar Husam, mijin Dalia, zai zo da mota ya kai ta gidansu na unguwar Ma'adi, inda aka ware mata ɗan ɗaki mai gado da taga. Jaka ɗaya aka yarda ta tafi da ita. Mai gidan hayar yau zai karɓi mabuɗi, kuma duk abin da ya rage a ɗaki, mai amalanken nan da ke yawo yana kiran "bikiya" ne zai kwashe, ya sayar wa kanikawa su goge baƙin mai. Wannan shi ne abin da ya hana Hajja Fatna cin abincin kirki mako uku. Ta kwana uku tana zaɓen na jakar, ta zuge ta, ta ajiye a bakin ƙofa. Sauran kuma ta rantse ba wanda zai goge injin mota da su tana da rai.

Abin mamaki, da gari ya waye ranar tafiyar, sai ta tashi da wani irin nishaɗi kamar uwar biki. Ta shafa humra, ta ɗaura sabon tob, lafayar nan ta matan Sudan, ta ce rabo za ta yi.

Dalia, wadda ta girma a Alƙahira take kuma aiki a ofis, ta zo da ledoji cike da hannu.

"Mu zuba a nan, Yumma, mu huta."

"A leda? In ba mutum kyauta a leda kamar mai sayar da tumatir? Miƙo mini tire."

Motar kaya ta tafi da gado da firji tun da sassafe, amma kwalin kwanuka yana nan. Haka Dalia tana ji tana gani aka farke shi. Tire, langa, tukunya, kwanon sha, har rigunan filo, duk aka ɗura musu ƙyallaye. Na kusa kwando ya kai musu, na nesa Dalia ta kai tana tsaki. Hajja Fatna kuwa bakinta bai huta ba. Kowace mace ta san kalar da ta dace da ita, ta kuma faɗa da ƙarfi yadda duk layi zai ji.

"Eman, ke masu furanni na ba ki, kin fiye son ado! Nada, naki masu kauri ne, yaranki kamar awaki suke!"

Masu shaguna suka fito suna ɗaga kai. Wani tsoho mai sayar da lemo ya yi ta tafi duk lokacin da kwando ya sauka lafiya.

Kafin kiran azahar buhu na ƙarshe ya kwanta fayau. Hajja Fatna ta tsaya tsakiyar ɗakin da ta daɗe ba ta ga dabensa ba, ta rangaɗa guɗa, ta ɗan taka rawa da gwiwoyin da likita ya ce a lallaɓa.

"Khalas, an gama! Je ki gaya wa mai amalanke ya nemi wani gidan!"

Ko rufe baki ba ta yi ba, aka girgiza igiya daga ƙasa.

Dalia ta jawo kwandon, ta ji shi da nauyi. Farantin tangaran ne ya dawo, an wanke shi tas, an kuma cika shi da guntayen atamfa, ragowar ɗinkin kayan auren Ummi.

"Me ke nan?" in ji Dalia.

Hajja Fatna ta dubi farantin, ta dubi kwandon, sai ta dafe kai. Ita da ta shekara sittin da takwas a duniya, ita da ta koya wa rabin matan layin nan cewa ba a mayar wa maƙwabciya kwanonta ba komai a ciki, yau ita ce ta fitar da kwanuka ashirin ba ta tuna ba. To me za a zuba wa Hajja Fatna? Ba ta shan sukari, likita ya hana. Kowa ya san abu ɗaya take so a duniya.

Igiya ta sake motsi. Tukunya ta dawo da yankakken hijabi. Rigar filo ta dawo kamar mai cikin wata tara. Eman Bamisriya, wadda ta fi kowa riƙe al'adar, ta aiko da tsohon labulen falonta sukutum. Dariya ta ci ƙarfin Hajja Fatna har sai da ta zauna dirshan a ƙasa, hawaye na zuba, tana buga cinya.

"Yumma, ba abin dariya ba ne! Ƙarfe biyu ta wuce! Ki leƙa ki ce su daina!"

"In ce wa mace ta dawo mini da faranti wayam? Ke wa ya haife ki?"

"To ina za mu kai su?"

Tambayar ta tsayar da dariyar. Can ƙasan layi aka ji muryar mai amalanke yana jan "bikiyaaa" kamar wanda aka yi wa tsegumi. Ƙyallayen ɗazu na Hajja Fatna ne, waɗannan kuwa kyautar mutane ce, kuma barin su ya fi zafi.

Sai ga hayaniya a matakala. Matan sun ga kwando ya yi musu kaɗan, sun taho da kansu. Abin da ya fi haka, kwanukan Hajja ma sun yi musu kaɗan, kowacce ta ƙaro da nata: wannan da roba, wannan da tire, Nada da bokitin wanki. Suka juye a tsakar ɗaki, aka cika gidan da shewa da "ma'alish, Hajja, a yi haƙuri, ba yawa."

Ta ƙarshen hawowa ita ce Awadiyya, tana haki, tana jan wata ƙatuwar jaka mai ruwan toka. Tare suka taso da Hajja Fatna a Mai Wurno ta Sudan, tare suka yi tallan gyaɗa. Da yaƙi ya kore ta daga birnin Madani, da wannan jakar kaɗai ta iso Alƙahira, ta kama ɗaki a ƙasan gidan nan. Tun ranar da ta ji zancen Ma'adi ba ta sake yi wa Hajja Fatna magana ba, ko rigar filon da aka aika mata ɗazu ba ta ce an gode ba.

"Wannan benen naki zai kashe mutum, ya Fatna. Gara da za ki bar shi."

"Ashe kina da baki."

Awadiyya ta zuge jakar. Tob guda biyu ne a ciki, an yanka su gunduwa-gunduwa daidai tafin hannu. Hajja Fatna ta gane su, domin ta sha ganin su a jikinta ranar Juma'a.

"Kin haukace? Tob nawa gare ki da za ki yanka biyu?"

"Sun tsufa. Ni ma na tsufa. Ki bar ni."

Aka sha shayin da Eman ta hawo da shi, aka yi hoto, aka yi ta barkwanci. Sai dai babu wadda ta tashi. Robobinsu da tirensu suna jere a gindin bango, ba komai a ciki, kuma kowacce tana satar kallon nata tana danne dariya. Dalia ce ta fara ganewa.

"La ilaha illallahu. Yumma, yanzu ke ma sai kin zuba musu?"

"Da fa?"

"Ki mayar musu da nasu mana!"

Matan suka kwashe da dariya gaba ɗaya, har Ummi na riƙe ciki. Mayar wa mutum kyautarsa ai zagi ne. Hajja Fatna ta duba ɗakin. Babu sukari, babu dabino, babu ko sabulu, komai ya bi motar safe. Abu ɗaya ne ya rage nata, yana bakin ƙofa a zuge.

Ta daɗe tana kallon jakar. Gaskiya ta ji ciwo, ciwo sosai, don abin da ke ciki shi ne wanda ta shekara ashirin tana cewa bai kai lokacin yankawa ba. Sai ta ja numfashi ta ce a miƙo mata.

Silikin da ta sayo a Makka ya tafi bokitin Nada. Farar shaddar da wani ɗalibi ya kawo mata tsaraba ta kwanta a robar Ummi. Karan-miski mai ruwan goro, wanda take fito da shi ta shafa kawai ta mayar, ya hau tiren Eman. Na farko da na biyu da ƙyar ta sake su. Daga na uku sai nishaɗin safe ya dawo mata ninki biyu, ta miƙe tana ɗaga kowane yadi sama tana yi masa kirari kafin ta jefa.

"Wanda na ji an goge tebur da shi, Allah ya isa! Ku yanka! Ku ɗinka! Ko ya karkace ku ɗinka!"

Wayar Dalia ta yi ƙara. Husam ne, yana ƙasa, ya ce yalla, su yi sauri, ya tare hanya.

Yanzu saura tulin kyautar da ke tsakar ɗaki, wanda ko rabinsa jakar Hajja ba za ta ɗauka ba. Awadiyya ta tura tata da ƙafa.

"Zuba a nan. Jaka ɗaya suka ce, ba su faɗi girmanta ba."

Aka ɗura, aka danna, aka naɗe labulen Eman a sama. Zif ya ƙi rufuwa sai da mata uku suka hau suka zauna, Nada ta zame ta faɗi, aka sake sabuwar shewa. Ko zare ɗaya ba a bar wa mai amalanke ba.

Saukowar ta ɗauki lokaci. Hajja Fatna tana tafe tana hutawa a kowane hawa, mata na gaba da baya da kwanukansu a ka. Husam ya ga jakar, ya buɗe baki, Dalia ta yi masa ido, ya rufe. Da ƙyar ta shiga kujerar baya, Hajja Fatna ta matsa kusa da ita ta dafa.

Aka yi ta yafe juna ta taga. Awadiyya ce kaɗai ta tsaya a ƙofar ɗakinta, hannu biyu a ƙugu. A lokacin ne Hajja Fatna ta lura cewa duk matan nan kowacce na riƙe da wani abu, ban da ita.

"Awadiyya, ke ban zuba miki komai ba!"

"Ina zan zuba? Jakata tana wurinki."

"Gobe zan biyo da ita in na tashi aiki, khalti," in ji Dalia, wato inna da Larabci.

"Ba ke na ba wa ba." Awadiyya ta matso, ta sunkuya daidai fuskar ƙawarta. "Jakata nake so, ya Fatna. Ba ni da wata. Ɗakina kuma a ƙasa yake, babu bene."

Motar ta tashi. Sun wuce masallaci, sun hau babban titi, Hajja Fatna tana ta shafa jakar da tafin hannu. Dalia ta waiwayo a hankali.

"Yumma, in mun juye kayan, ai ni ma zan iya kai mata."

"Ba komai a ciki?" Hajja Fatna ta share ido da bakin tob. "Bargon mutum ɗaya wata biyu yake ci. In na dage, kafin sanyi ya shigo na gama. Ni zan kai mata da hannuna."

Ta ɗan buɗe zif, ta zaro gunduwa ɗaya ta tob ɗin Awadiyya, ta shimfiɗa a cinya tana auna ta da yatsu.

"Husam, a Ma'adin nan taku, ina ake sayar da zare?"