Kyamara Mai Dogon Ido

Shekarar da Nasaran da ke duba dabbobi a Tanut zai koma ƙasarsu, sai ya kira Hamidu, wanda ya daɗe yana taya shi yi wa shanu allura. Ya ajiye kyamara biyu a kan tebur, ya ce ya zaɓi ɗaya ta sallama. Hamidu kuwa ko hoton akuya bai taɓa ɗauka ba. Don haka ya je ya taho da Mailafiya, tsohon mai hoto na kasuwa, ya duba masa.

Mailafiya ya jujjuya su kamar mai tayin rago, ya ce, "Ɗauki wannan mai ido a manne. Ka saita, ka danna, shi ke nan. Waccan cire mata ido ake yi a sa wani, ga gajere ga dogo, kuma duk buɗewa sai rairayin Damargu ya shiga. Da rarrafe yaro kan tashi."

"Baba, shi dogon na mene ne?"

"Na jawo abin da ke nesa. Hoton barewa Nasaran yake ɗauka da shi. Kai me ya haɗa ka da barewa?"

Hamidu ya ɗaura dogon idon, ya leƙa ta taga. Can bakin rijiya wani Buzu yana shayar da raƙuma, sai ga shi gabansa, har ƙullin rawaninsa yana gani. Ya daɗe bai sauke ba. Da ya sauke ya ce wannan yake so. Mailafiya ya kaɗa kai ya ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Duk da haka ya zauna ya koya masa sa fim da murza ido har hoto ya fito sarai.

Abin da tsohon bai sani ba, Hamidu ɗan fari ne. Mahaifiyarsa Lantana, a wani ƙauye kusa da Gangara, ta riƙe kunyar ɗan fari fiye da yadda kowa ya nema daga gare ta. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Lantana ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce da ƙanwarsa, "A miƙa wa wancan fura." In ya gaishe ta, bango take amsa wa. Mutane suna yabonta, shi ma yakan taya su, amma abin yana cin sa. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to shi fuskar ce bai taɓa samu ba. Ga shi an yi masa canjin aiki zuwa Ingigmi, gari mai nisan gaske, kuma ba ya so ya tafi bai san ko tana ɗaga ido saboda shi ba.

Ya isa ƙauyen da kaka, an gama yankan gero. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta.

"Inna, na zo sallama ne. An mayar da ni gabas."

Ta ci gaba da tsince wake a faifai. "Allah ya tsare," ta ce da waken.

Da la'asar mata suka fita masussuka bayan gari. Hamidu ya rataya kyamara, ya wuce su, ya yi ta tafiya har ya hau wani tudu, ya tsaya gindin aduwa. Daga nan matan duk ɗaya suke, baƙaƙen zannuwa da ƙaiƙayi yana tashi. Niyyarsa ya sami ko gefen fuskarta ne ya tafi da shi. Ya ɗaga kyamarar, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana murza idon, har ya same ta.

Ba shiƙa take yi ba. Ƙwaryar tana hannunta a karkace, gero yana zuba ƙasa ba ta sani ba. Shi take kallo. Ta yi zaton ya yi nisan da ba zai gane ba, don haka ta saki ido a kansa yadda ta ga dama. A nan ya ga idonta na hagu ya fara yana, ya ga tsagar da ke kumatunta, ya ga bakinta yana motsi a hankali, tana tofa addu'a wajen tudun. Ashe haka take yi duk lokacin da ya juya baya.

Yatsansa yana kan maɓallin, amma ya kasa dannawa. Wannan kallon ba don a wanke a takarda a nuna wa mutane ta yi shi ba. Hawaye ya cika masa ido har ya daina ganin komai, sai ya sauke kyamarar ya rufe ta.

Ya zauna har ya sami kansa, sannan ya gangaro a hankali. Tun bai kai masussukar ba ya yi gyaran murya da ƙarfi, don ta sami lokacin kawar da kai.