Sawun Tayar Dabo

Duk wanda ya ga Dabo ranar da ya sauya wa motarsa tayoyi zai rantse kujerar Makka aka ba shi. Tun daga Ɗambatta ya taso, ya biyo burtali har ƙauyensu, ba don gaida mahaifiyarsa ba, don dai a ga tayoyin. Yayarsa Rahmatu, wadda ta dawo gida jinyar Inna tun bayan rasuwar mijinta, ita ta sha bayanin a ƙofar gida, hannunta duk kumfar wanki.

"Yaya, ke ba ki san taya ba. Iri-iri ce. Akwai mai miƙaƙƙen layi, ita ce a ƙafar kowace tasi. Na ce wa mai shagon ni ba direban haya ba ne. Ya fito da mai manyan haƙora, wai ita ce daidai da hanyarmu, ga yashi ga taɓo. Na ce, ka ga na yi kama da mai jigilar taki?"

"To ita wannan fa?"

"Wannan ta manya ce. Dubi zanen, kamar kan kibiya. In ana ruwa a kan kwalta, ita ke kore shi gefe. Daga nan har Kazaure ba mai irinta."

Rahmatu ta dubi hanyar gidansu, wadda tun da take ba ta taɓa ganin kwalta ba, ta ce Allah ya sanya alheri. Ya leƙa ɗakin Inna a tsaye, ko takalmi bai cire ba, ya ce ana jiransa.

Daga ranar ya ɗauke ƙafa. Damina ta kankama, jikin Inna ya ƙara tsanani, ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Abinci ma sai da lallashi. Tambayarta kullum ɗaya ce: Dabo bai zo ba? In Rahmatu ta kira shi a waya, amsar ba ta canzawa.

"Yaya, tayoyin nan ba sa son hanyarku. Bari ƙasa ta bushe."

Ka ji fa! Tayar da ya zaɓa da idonsa ita ta zama uzuri. Sai ya aiko ɗan acaɓa da lemo da gwangwanin madara, sai ka ce madara tsohuwar ta haifa.

Da farko Rahmatu ta yarda. Sai wata la'asar bayan yayyafi ta fito zubar da toka, ta ga sawu kwance a kan damshin yashi, raɗau. Kan kibiya ne, jere reras. Ya taso daga wajen Ɗambatta, ya wuce ƙofar gidansu ko ɗan karkatowa bai yi ba, ya miƙe fadama inda Dabo yake da gonar shinkafa. Ga kuma na dawowa a gefensa. Ashe tayar da ba ta son hanya tana son shinkafa. Ta yi dariyar takaici. Sakarai! Da ya sayi irin ta kowa, ai da ta ce wata tasi ce ta wuce.

Ta kira shi nan take.

"Wataƙila wani ne, Yaya."

"Wane wani? Ba kai ka ce ba mai irinta ba?"

Ya ce ba ya jin ta sosai, ya kashe wayar.

Da hantsi maƙwabta kan taya ta fito da Inna kan dakali ta sha rana. Don haka Rahmatu ta ƙara wa kanta aiki. Duk ranar da sawun ya bayyana, sai ta riga kowa fita da tsintsiya ta share shi tas, tun daga bakin zaure har kwanar masallaci. Tana shara tana tsaki. Ta dawo ta ce wa Inna hanya ta lalace, ko amalanke da ƙyar. Ba abin da ya fi ƙona mata rai kamar yadda ta zama mai yi wa Dabo ƙarya kyauta.

Ran nan tana duƙe ta fara shara, ta ji motsi a bayanta. Inna ce a bakin zaure. Da jan gindi ta fito, zaninta duk ƙasa, tana haki.

"Rahmatu, ajiye tsintsiyar nan."

"Inna, yara ne suka yi ta..."

"Na san ƙarar motar ɗana. Tun shukar gero nake jin ta." Ta numfasa, idonta a kan yashin. "Ki daina share mini shi. In na ga na tafiya na ga na dawowa, na san ya koma gida lafiya."

Rahmatu ta jingine tsintsiyar a jikin katanga. Ta kama tsohuwar ta ɗora ta a kan dakali, ta juya ta yadda za ta fi ganin hanya.