Katifa Ba Albasa Ba Ce

Maigidana, Baban Nazifa, albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12, kuma duk abin da zai saya a duniyar nan sai ya latsa shi da babban yatsa. Takalmi ya latsa, kankana ya latsa, har kumatun jikokinmu ba su tsira ba. Da wannan yatsan ya tashi zaɓo mana katifa lokacin da ciwon baya ya sa shi a gaba.

Ciwon bai hana shi zuwa kasuwa ba, amma ya hana shi ruku'u da sujada. Mutumin da ya saba da sahun gaba a masallacin unguwarmu nan Agege, sai ga shi yana jan kujerar roba zuwa gefe, cikin tsofaffin da suka haife shi. Ba ya zancen, amma na san abin na cin ransa. Duk Juma'a in ya ɗauki kujerar nan zai fita, tausayinsa nake ji har cikin raina.

Likita ya duba shi ya ce babu abin da ya goce. Ya koya masa 'yan motsa jiki, ya ce kuma a sake katifa, don tamu ta daɗe da yin rami a tsaka. Washegari sai ga Malam da sabuwa, an ɗauro ta a bayan okada, baki har kunne.

"Turai, zo ki taɓa! Laushi kamar burodin Agege."

Laushi kam akwai shi. In ya kwanta sai ta haɗiye shi, da safe in kama hannunsa in ciro shi yana salati. Da ya ga ba dama, ya ce ai kuskuren nasa ne, albasar kirki mai tauri ce. Ya koma ya yi ta latsawa har ya samo wadda yatsansa bai shiga ba. Ita kuwa da ita da benci duk ɗaya, kafaɗa ma ta fara nata ciwon.

Nan haƙurina ya ƙare. Na yafa mayafina na ce, "Yau ƙafata ƙafarka."

Shagon Hajiya Kalsum mai katifa a bakin titi yake, kusa da layin dogo. Haifaffiyar Agege ce, Hausa da Yarbanci da Turanci duk a haɗe take zuba su. Tana ganin ya ɗaga yatsa ta ce, "Haba oga, you don come again? Ejo, ajiye yatsan nan. Ba a kan yatsa za ka kwana ba, a kan baya za ka kwana. Hau ka kwanta mu gani."

"In kwanta?" Ya waiga titi, ga motocin danfo na lodi, ga masu talla suna kai da kawowa. "Ni da furfurata, da rana tsaka? Gobe a Mile 12 a ce an ga Harisu Mai Albasa a miƙe a shagon mace?"

Ya juya zai tafi. Na sha gabansa, na rage murya na ce, "Malam, kunyar kwanciyar nan da kujerar roba, wacce ta fi maka ciwo?"

Ya dakata. Kafin ya sake shawara, Hajiya ta jawo wani zanin gado, ta kama gefe na kama gefe, muka yi masa labule. Ya cire hula da takalmi, ya yi bisimilla ya hau.

Daga bayan zanin Hajiya ke ba da umarni. "Zura hannunka ƙarƙashin ƙugu. In ya wuce salin-alin, ta yi tauri. In ƙugun ya nutse, ta yi laushi. Ka juya gefe ma ka ji."

"Wannan benci ce," in ji shi. Ya koma ta biyu. "Wannan ƙanwar burodin ce." Ya koma ta uku, wata tsaka-tsaki da bai taɓa kula ta ba saboda yatsansa bai ga abin yabo a jikinta ba. Muka jira hukunci, shiru. Hannuwanmu suka fara sagewa. Can sai muka ji minshari, mai ƙarfi kuwa, har wani mai rake ya tsaya yana leƙe.

Hajiya ta yi dariya har zanin ya kusa suɓuce mata. "Madam, a ɗaure muku ita, ko a bar shi ya gama tukuna?"

Ba dare ɗaya ya warke ba. Motsa jikin ma yana yi yana mita, kujerar kuma ta ci gaba da raka shi masallaci. Sai wata Juma'a ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, na ankara da abin da nake zaune a kai: kujerar roba ce, shi kuwa tuni ya fita.

Da ya dawo, na hango yashin tabarmar masallaci a goshinsa. Murna ta cika ni har idona ya kawo ruwa. Na kai gefen mayafi zan goge masa goshin, ya riƙe hannuna.

"Bar min kayana, Turai. Na daɗe rabona da shi."

Sannan ya latsa kumatuna da babban yatsa, ya shige ɗaki.