Daƙiƙa Talatin

Buhun yashin da Direba ya rataye a bayan gida ya fashe a wata na uku. Ya tsaya yana haki, yashi na zuba a ƙafarsa, jini na tsattsafowa daga gaɓoɓin yatsunsa. Shekararsa sittin da shida, rabinsu a kujerar tirela ya cinye su.

Likita ne ya koya masa tsarin ranar da ya je awon hawan jini: daƙiƙa talatin da iyakar ƙarfinka, ka huta minti biyu, ka sake, har sau shida. Ya ce haka ake yi wa tsohuwar zuciya garambawul. Hawan matakala likitan yake nufi. Direba ne ya ƙara da buhu, domin a makon ne 'yarsa Auta ta zo da leɓe a fashe, ta ce ƙofa ce ta buge ta. Ya san ƙofar: mijinta ne, wani mahauci mai wuya kamar na bijimi.

"Malam, da furfurarka za ka yi naushi da suruki?" in ji matarsa. "Ina kunya?"

"Sau uku ana zama da shi. Ya durƙusa, ya yi rantsuwa, ya koma ya ƙara. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho."

Da la'asar ya hau benen da Auta da mijinta suke haya, hawa uku, ko bango bai dafa ba. Mahauci ya buɗe ƙofa, daga shi sai singileti. A bayansa Auta ce, ido ɗaya a kumbure.

Mahauci ya ce, "A'a, Baba! Sannu da..."

Naushin farko ya mayar masa da gaisuwar ciki. Na biyu ya fasa hanci. Direba ya bi shi ciki da haƙarƙari, hagu da dama, yadda yake yi wa buhu, har ƙaton ya zube a kan tebur, gilashi ya tarwatse, haƙori ya yi tsalle a siminti.

Sai hannuwan tsohon suka sauka da kansu. Wata uku jiki ya haddace darasinsa: talatin ta cika. Ya dafa gwiwoyi yana jiran minti biyunsa.

Mahauci bai taɓa jin labarin likita ba. Ya miƙe, ya tofar da jini, ya zuba masa gwiwa a ƙirji. Wani abu ya ce ƙas. Ya haɗa kan tsohon da bango sau biyu, sannan hannuwan nan da suka saba ɓalla ƙashin shanu suka kama maƙogwaro. Ɗakin ya fara duhu.

Direba bai ga saukar dutsen guga a kan Mahauci ba, ƙararsa kawai ya ji. Hannuwan suka saki. Auta na tsaye, wayar dutsen na lilo a gefenta.

"Yana numfashi?"

"Yana yi, Baba."

"To ɗauko kayanki."

Suka sauko, jaka a kafaɗarta ɗaya, ubanta a ɗayar. Benen da ya haye kamar saurayi, yanzu kowace matakala sai ya roƙe ta. A hawa na biyu ya zauna riƙe da haƙarƙari, ya shafa goshi, ya dubi jinin.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"In uwarki ta tambaya, ƙofa ce."