Bodullak na Ƙarƙashin Dutse

Tun da Yonsil ta bar aikin ofis a birni ta dawo tsibirin Jeju, ta ce ita ma nutso za ta yi kamar kakarta, matan ƙauyen suka sa mata suna Bodullak. Wani ɗan kifi ne da bai wuce yatsa ba, mai launin ƙasa da santsin jiki, wanda ba ya zuwa zurfi. Ita ma haka take: da ta nutsa kaɗan, kunnuwanta sai su ɗauki zugi, ta taso da hannu wayam.

Kafin damina ƙungiyar masu nutso za ta yanke ko za a karɓe ta. In aka ƙi, ba ta da ikon ɗaukar ko ciyawa a tekun garin.

Ranar da abin ya ɓaci, sun fito gaɓa suna rawar ɗari. Gyesun, shugabar ƙungiyar, ta leƙa ragar Yonsil ta ga ba komai, ta ɗebo dodon-koɗi daga tata ta zuba mata, sauran ma suka bi sahu. Haka ake yi wa sabon shiga tun kaka da kakanni. Amma wata ta ce a ƙara wa 'yar boko, kada digiri ya kwana da yunwa, aka bushe da dariya.

Yonsil ta juye ragar a gaban Gyesun.

Ta kira ta da sunan girmamawa da ake kiran manya a garin: "Na gode, Samcun. Nutso na zo yi, ba roƙo ba."

Gyesun ta tsince kayan ɗaya bayan ɗaya, ta wuce. Daga ranar ba wadda ta ƙara tsokanarta. In ta zo jin ɗumi sai a matsa mata wuri, wuri mai faɗi ƙwarai.

Kakarta, Halmang, ba ta yi mata faɗa ba. Da ruwan teku ya janye daga gaɓa sai ta ce ta rako ta tsintar kaguwa. Suka bi baƙaƙen duwatsun, tsohuwar ta ɗaga wani, sai ga bodullak kwance a laima, ba ruwa, ya naɗe jiki, bakinsa na buɗewa a hankali. Yonsil ta kai hannu za ta jefa shi teku, Halmang ta buge hannun. Ta ce gidansa ke nan, haka yake jure rana har ruwa ya dawo. Ta mayar da dutsen yadda ta same shi. Sannan, ba tare da ta dube ta ba, ta ce lokacin da Gyesun ke sabon shiga ita Halmang ce ta riƙa cika mata raga, kuma abin da Yonsil ta zubar ran nan na Halmang ne ake dawo mata da shi.

Yonsil ta ce ko me za a yi ba za ta durƙusa wa kowa ba. Halmang ta ce wa ya ce ta durƙusa?

A nutso na gaba ma Yonsil ba ta samo komai ba, ga jini a kunnenta na hagu. Da suka fito, maimakon ta ɓoye ragar a bayan gorar da take yin iyo da ita kamar kullum, sai ta tsaya a kan hanyar da kowa zai bi, kai a sama, ta buɗe bakin ragar da hannu biyu.

Ta farko ta wuce. Ta biyu ta kau da kai. Iska na dukan jiƙaƙƙiyar rigar Yonsil, haƙoranta na haɗuwa, ba ta gusa ba. Gyesun ce ta ƙarshe. Ta tsaya ta daɗe tana tona ragarta, har ta zaƙulo dodon-koɗin da ya fi kowanne ƙanƙanta, ta jefa mata.

"Goge kunnen nan, Bodullak. Gobe a bayana za ki nutsa, inda zan riƙa ganinki."