Ƙodata a Cikin Garau

Ƙanena muna ce masa Garau, don ko a gadon asibiti ka tambaye shi jiki, "garau" zai ce maka. Sana'arsa sayar da wani koren ruwa a kwalba, wai mai ƙara garkuwar jiki. Shi ke haɗawa, shi ke talla, shi ne kuma babban mai sha. Da ƙodojinsa suka tsaya, likita ba ta ce koren ruwan ne ba. Ta dai buɗe kwalbar ta shinshina, ta tura ta can ƙarshen tebur.

Aka ce dangi su zo gwajin ba shi ƙoda. Masu cika baki a taron gida kowa sai ya tuna yana da hawan jini. Ni yayarsa, tela mai ciwon baya, ni ce tawa ta dace. Aka tsaga ni, aka ciro ɗaya aka dasa masa. Har yau in na sunkuya kan keken ɗinki sai tabon ya ja ni.

Ranar sallama likita ta zaunar da mu. Ta ce a jinin kowa akwai fararen ƙwayoyi masu sintiri, duk abin da suka gamu da shi sai sun duba alamarsa. In ɗan gida ne, su wuce. In ƙwayar cuta ce, su kira 'yan'uwansu, jiki ya ɗau zafi, su cinye ta, su kuma riƙe kamanninta saboda gaba.

"Matsalar ita ce, ƙodar yayarka ma baƙuwa ce a wurinsu," in ji ta. "Wannan maganin shi zai riƙa kwantar da su. Kullum za ka sha, iya rayuwarka."

"Wato garkuwata za ku kashe?" Garau ya tambaya, kamar an ce a rufe masa shago.

"Rage mata ƙarfi za mu yi, kuma da gangan. Ka guji masu tari."

Da farko ya sha. Sai mura ta kama shi ta ƙi saki, tunda masu sintirin suna gyangyaɗi. Ga mutum zaune a shagonsa ƙarƙashin allon tallan da ya rubuta "Ba mura, ba zazzaɓi", yana jan majina. Masu shagunan kusa kuwa suka samu abin yi. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Garau, ko in sayo maka kwalba ɗaya?"

Ranar da na kai wa matarsa ɗinki na buɗe durowa neman almakashi, sai ga maganin asibiti jibge, ko ɓare shi ba a yi ba.

"Garau, mene ne wannan?"

"Yaya, kwantar da hankalinki. Ciki ɗaya muka fito, nono ɗaya muka sha. Ta yaya jikina zai yaƙi naki? Likitoci ba su san zumunci ba."

"Zumunci? Ni da kai tun muna yara mun taɓa zama kujera ɗaya ba mu yi faɗa ba? Ƙodata ce fa, ba aron tukunya na ba ka ba."

Na yi zagi, na yi roƙo, har kuka na yi. Ya rantse zai koma sha. Ina fita ya ɗaga koren ruwansa.

Murar kuwa ta warke, kuma unguwa kaf sai da ta ji labari. Bayan ita ƙafafu suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga, fitsari ya koma ɗigo, gefen da aka yi dashen ya ɗau zafi. Muka kwashe shi sai asibiti.

Likita ta daɗe tana kallon sakamakon gwaji.

"Garkuwarka ta farka sarai," ta ce. "Ta gano baƙuwar, ta yi mata abin da take yi wa cuta. Ƙodar ta mutu. Za ka koma kan injin wankin ƙoda."

Matarsa ta fashe da kuka. Shi kuwa, yana kwance fuska a kumbure, sai na ga bakinsa yana motsi. Murmushi ne. Ya juyo gare ni a hankali.

"Kin ji da kunnenki ko, Yaya? Likita da kanta ta ce garkuwata da ƙarfi."

Ban taɓa jin haushin mutum da tausayinsa lokaci ɗaya kamar ranar ba. Na dafa tabona, na tambayi likita ko in sun ciro ta za su ba ni abata in tafi da ita gida. Ta ce ba a yin haka.